Unguwar da ake yin komai a ƙafa: zaman Goutte d'Or a birnin Paris



Gidaje da yawa a garuruwanmu suna da wani nasu a ƙasar Faransa, ko ɗalibi, ko ɗan kasuwa, ko wanda ya tafi neman magani zama ya kama shi. Idan aka tambayi inda yake, amsar ɗaya ce: yana Paris. To amma Paris ba ɗaya ba ce. Akwai ta cikin babbar hanyar da ta yi wa birnin ƙawanya, mai faɗin murabba'in kilomita 105 da mutum wajen miliyan 2.1, akwai kuma garuruwan da ke bayan wannan hanya, inda kusan mutum miliyan 10 ke kwana. A ta farko mutum yana iya wuni ya yi cefane, ya kai yara makaranta, ya ga likita, ya yi sallah cikin jam'i, bai hau komai ba sai takalminsa. A da yawa daga cikin na biyu, sayen burodi ma sai an jira bas.

Shekaru hamsin da suka wuce, masu tsara birane suna ganin irin wannan zama na ƙafa ya tsufa, har ana rushe gine-gine don a buɗe wa motoci hanya. Yau shi ne abin yayi, kuma da tsada ake sayar da shi. Mun zaɓi mu duba al'amarin a unguwa ɗaya wadda kusan duk baƙon da ya fito daga ƙasashenmu ya taka, wato Goutte d'Or, wadda mutanenmu suka fi sani da sunayen tashoshinta biyu na jirgin ƙarƙashin ƙasa, Barbès da Château Rouge.

Unguwar tana arewacin birnin, cikin gunduma ta 18. Titin Barbès ne iyakarta ta yamma, titin La Chapelle ta kudu, layukan jirgin ƙasa ta gabas, titin Ordener kuma ta arewa. Minti goma sha biyar ya ishi mai tafiya ya ratsa ta daga kudu zuwa arewa, amma mutanen da ke cikinta sun haura 20,000. Ma'anar sunan ita ce ɗigon zinariya, daga launin giyar inabin da ake yi a gonakin wurin a zamanin da, abin da zai ba da mamaki ga wanda ya ga yawan mahautan halal da ke jere a titunanta a yau.

A titin Dejean da kewayensa ana samun busasshen kifi, kuɓewa, manja, doya, agade, attaruhu da garin rogo. A titin Poissonniers atamfofi ne da shadda, da teloli a ƙananan shaguna. Titin Poulet na masu kitso ne da man shafawa. Ranakun Laraba da Asabar kasuwar Barbès tana ci a ƙarƙashin gadar jirgi, kuma tana cikin mafi araha a birnin. Asibitin Lariboisière yana tsallaken titi ta kudu, bayansa kaɗan ga tashar Gare du Nord, wadda babu tashar jirgin ƙasa a Turai da ta kai ta yawan fasinja. Makarantun yara, ɗakin karatu, kantin magani, gidan waya, filin wasa na Léon, duk a cikin ƴan taku suke.

Ba sa'a ce ta tara waɗannan abubuwa wuri ɗaya ba, ginin ne ya ba da haka. Gidajen benaye ne masu hawa biyar ko shida, manne da juna ba tsakar gida ba katanga, ƙasa shaguna, sama ɗakunan kwana. Saboda haka mai gidan burodi yana da ɗaruruwan masu saye a kan titinsa kaɗai, ba ya buƙatar wani ya zo masa da mota daga nesa. A Paris baki ɗaya mutum wajen 20,000 ne ke zaune a kowane murabba'in kilomita, wajen kashi biyu cikin uku na gidaje ba su da mota, kuma fiye da rabin zirga-zirgar da mazauna birnin ke yi a cikinsa a ƙafa ake yin ta.

Masu tallan gidaje idan suna yabon irin wannan unguwa, wuraren shan gahawa da gidajen kallo suke lissafawa. Mu a namu ganin, waɗanda suka fi cin moriyarta su ne waɗanda ba a cika sa hotonsu a talla ba. Dattijon da idonsa ya yi rauni yana zuwa likita da masallaci ba tare da ya jira ɗansa ya taso daga aiki ba. Uwar gida da ba ta tuƙi tana yin cefanen yau a yau, ta gaisa da mutum goma kafin ta dawo. Yaro ɗan shekara tara ana aikensa sayen burodi, kuma mai shagon ya san ɗan wane ne. Duk wanda ya taɓa zama inda sai da mota ake fita ya san yadda tsoho da mace da yaro ke zama fursunoni a cikin gida mai kyau.

Su wa suka raya ta

Har zuwa 1860 wannan wuri ba ya cikin Paris, a shekarar ne aka haɗe shi da birnin. Leburorin jirgin ƙasa da na masana'antu aka gina wa gidajen, da kayan gini masu araha. A nan marubucin nan Émile Zola ya ajiye labarin littafinsa L'Assommoir na 1877, na wata mai wankau da talauci da giya suka hallaka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma'aikata daga Aljeriya suka cika unguwar, sannan na Maroko da Tunisiya. A 1948 wani haifaffen Tunis mai suna Jules Ouaki ya buɗe kantin Tati, wanda ya yi shekaru saba'in yana tufatar da talakawan birnin, kuma iyayenmu da yawa da suka je Faransa daga can suka yo tsaraba. Daga shekarun 1980 ƴan Mali, Senegal, Kamaru, Kwaddibuwa da Kwango suka mai da ɓangaren Château Rouge kasuwarsu.

Abin da ya kawo su shi ne araha, abin da ya kawo arahar kuwa shi ne lalacewar gidajen. Akwai benayen da hawa guda ke tarayya a makewayi ɗaya. A shekarun 1980 likitocin Paris suka gano yara da dama na iyalan Afirka suna ɗauke da gubar dalma a jininsu, daga tsohon fenti mai ɓarewa a bango. A cocin Saint-Bernard na wannan unguwa ne wasu baƙi marasa takardu su wajen 300, galibinsu ƴan Mali da Senegal, suka fake a 1996, har ƴan sanda suka fasa ƙofar da gatari ranar 23 ga Agusta suka fitar da su.

Amma cikin wannan ƙunci baƙin sun yi wa unguwar wani aiki da ba a cika ambata ba. A lokacin da ƙananan shaguna ke mutuwa a garuruwan Faransa da yawa saboda manyan kantunan da aka gina a bayan gari don masu mota, su kuwa nan duk shagon da aka rufe sai wani ya karɓa ya buɗe, ya zauna a ciki daga safe har dare. Su ne suka hana titunan yin shiru. Rayuwar titi da ake yabo a yau, guminsu ce.

Da yayi ya iso

Daga farkon shekarun 2000 aka fara ganin wasu sababbin fuskoki: matasa masu ilimi mai zurfi, ƴan jarida, masu zanen gini, ma'aikatan fim da na kwamfuta, waɗanda Faransawa ke yi wa laƙabi da bobo. Kuɗinsu bai kai na Montmartre ba, unguwar masu yawon buɗe ido da ke kan tudu a tsallaken titin Barbès, sai suka gangaro. Hukumar birni ma ta zuba kuɗi: ta rushe gidajen da suka rube, ta ba masu zanen tufafi shaguna a titin Gardes, ta sayi tsohon gidan siliman Louxor na 1921 ta gyara ta sake buɗe shi a 2013. A watan Janairun 2015 tashar talabijin ta Amurka Fox News ta lissafa yankin cikin wuraren da ta ce wanda ba Musulmi ba ba ya shiga, daga baya ta nemi afuwa. Ƴan watanni bayan haka aka buɗe Brasserie Barbès, gidan abinci na ƴan gayu mai hawa-hawa, daidai bakin tashar. Kantin Tati da ke fuskantarsa ya rufe a 2021.

A daidai wannan lokaci tunanin masu mulkin birnin ya juya. A 2016 wani malamin jami'a, Carlos Moreno, ɗan asalin Kolombiya, ya fito da abin da ya kira birnin minti goma sha biyar: kowane mutum ya sami wurin aiki, kasuwa, likita, makaranta da wurin hutu cikin tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa ko a keke. Anne Hidalgo, wadda ta zama magajiyar garin a 2014, ta sa wannan cikin alkawuranta na zaɓen 2020. Tun daga shekarar aka riƙa hana motoci bin titunan da ke gaban makarantu da dama, a watan Agustan 2021 kuma aka ƙayyade gudun mota a mafi yawan titunan birnin zuwa kilomita 30 a awa.

(Wanda ya girma a Birnin Damagaram ko tsohon garin Agadas zai yi murmushi in ya ji an ba wannan abu sabon suna a jami'a, domin can masallaci da mahauta da makarantar allo da gidan gwaggo duk a lungu ɗaya suke. Sai dai murmushin ba ya daɗewa ga wanda ya sayi fili a bakin Yamai, inda kuɗin ɗan kabu-kabu ke cinye abin cefane.)

Duk abin da aka yi don a ƙara wa zaman ƙafa daɗi, ya ƙara wa gidajen kuɗi. A ƙarshen shekarun 1990 matsakaicin farashin murabba'in mita ɗaya na gida a Paris bai kai Yuro 3,000 ba. A 2019 ya haura Yuro 10,000, wato fiye da Sefa miliyan 6 da rabi, kafin ya ɗan sauko daga baya. A wannan lissafi, gida mai murabba'in mita 50, ɗaki biyu da falo ƙarami, ya haura Sefa miliyan 300. Goutte d'Or tana cikin unguwanni mafi sauƙin farashi a birnin, amma ita ma ta bi sahu. Mai neman haya kuwa, al'adar masu gidaje ita ce su nemi albashinsa ya ninka kuɗin hayar sau uku, ya kawo takardun albashi, ya kawo wanda zai tsaya masa. Mai gadi, mai shara a ofis, mai wanke kwanoni a gidan abinci, nan ake tankaɗe su ba tare da kowa ya ce musu su tashi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Adalci ne mu faɗa cewa sababbin mazaunan ba da mugun nufi suka zo ba, kuma ba duk ƙorafinsu ne son rai ba. Akwai masu sayar da taba ta fasa-ƙwauri a bakin tashar Barbès, akwai ƴan sane, akwai ƙwaya, akwai shara, kuma iyaye baƙaƙe da Larabawa sun riga su kuka da waɗannan. Bambancin shi ne su an fi jin muryarsu. A 2016 wata ƙungiyar mazauna titin Dejean ta yi nasara a kotu kan hukumar birni da ta ƴan sanda, saboda gazawa wajen tsabta da tsaro. Sai dai a cikin waɗanda aka fi kora bayan irin wannan hukunci akwai matan da ke tallan gasasshiyar masara a bakin titi don ciyar da ƴaƴansu. Haka kuma, maƙwabtakar takan tsaya a ƙofar makaranta: iyalai masu hali da yawa suna son kasuwar unguwar, amma ƴaƴansu sai su kai su makarantar kuɗi ko ta wata unguwa.

Akwai kuma ƴaƴan baƙin da suka ci ribar yayin. A 2015 Youssouf Fofana, haifaffen Faransa ɗan asalin Senegal, ya kafa kamfanin tufafi mai suna Maison Château Rouge a titin Myrha, yana ɗinka atamfa da salon matasan birni, har manyan kamfanoni irin su Monoprix suka yi aiki da shi.

Masallaci da ɗaki

Mai sallah biyar cikin jam'i ya fi kowa sanin tsawon unguwarsa da ƙafa, domin sau biyar yake auna ta a rana. A nan ne alkawarin samun komai a kusa ya gaza. Ƙananan masallatai biyu na titin Myrha da titin Polonceau sun yi wa jama'a kaɗan, har ta kai ranar Juma'a ana shimfiɗa tabarmi a kan kwalta. Hotunan wannan sallah sun zama makamin siyasa a ƙasar, kuma ranar 16 ga Satumban 2011 gwamnati ta haramta yin sallah a titi, ta ba da hayar wani tsohon barikin soja a titin Ney, can gefen arewacin birnin, don a riƙa yin Juma'a. Ga saurayi tafiyar ba wani abu ba ce, ga dattijo mai ciwon gwiwa kuwa ta zama tafiyar bas. A 2013 hukumar birni ta buɗe wani gini na Cibiyar Al'adun Musulunci a titin Stephenson. Da yake dokar 1905 ta hana hukuma kashe kuɗi kan wuraren ibada, sai aka sayar wa ƙungiyar Babban Masallacin Paris hawa ɗaya na ginin don ya zama wurin sallah.

Sai maganar ɗaki, wadda ita ce ta fi damun mai iyali. Dokar Faransa ta yarda a ba da hayar ɗaki mai murabba'in mita 9, wato taku uku tsawo, taku uku faɗi. Irin waɗannan galibi a hawa na shida suke, ƙarƙashin rufin kwano, ba na'urar hawa bene, kuma a nan ɗalibanmu da yawa ke ƙarewa. Ranar 25 ga Yulin 2019 zafin Paris ya kai digiri 42.6, a ɗakin da ba a gina shi don zafi ba. Iyali mai yara huɗu a ɗaki biyu, ba tsakar gida, ba zaure, ba inda za a sauki baƙo, ba inda za a raba shimfiɗar maza da mata in sun tasa. Unguwar ce ke zama tsakar gidan: filin Léon shi ne dandalin yara, bencin titi shi ne zauren dattawa. Da annobar korona ta zo, aka kulle ƙasar daga 17 ga Maris zuwa 11 ga Mayun 2020, aka taƙaita fita shan iska zuwa awa ɗaya a cikin kilomita ɗaya daga gida. Mutanen Goutte d'Or sun sami duk abin saye a cikin wannan kilomita, amma sauran awanni ashirin da uku a cikin ɗakin suka yi su.

Shi ya sa da yawa, idan haihuwa ta uku ta zo, sukan tattara su tsallaka hanyar ƙawanya, su koma Saint-Denis, Aubervilliers, Sarcelles ko gaba da nan. Tsakanin 2011 da 2021 mazauna Paris sun ragu da fiye da mutum 100,000, ana kuma rufe azuzuwa a makarantun birnin saboda ƙarancin yara. A can waje ɗakuna sun fi faɗi, amma da lokaci ake biya. Garin Clichy-sous-Bois, inda tarzomar 2005 ta faro, wajen kilomita 15 ne kawai daga Paris, amma a wancan lokaci ba shi da tashar jirgi, zuwa birni kan ci kusan awa ɗaya da rabi, kuma sai a ƙarshen 2019 layin taragu ya isa gare shi. Uban da ke fita kafin asuba ya dawo bayan isha'i, ƴaƴansa a ƙarshen mako suke ganinsa.

Waɗanda suka tashi ba su rabu da unguwar ba. Wata masaniyar ilimin ƙasa, Marie Chabrol, ta yi bincike a Château Rouge wanda ta kammala a 2011, ta samu cewa galibin masu saye a kasuwar ba mazauna unguwar ba ne, daga nesa suke zuwa. Wato saman benen ya fara canza hannu, ƙasansa yana nan na Afirka. Ranar Asabar ana iya ganin haka da ido: mata da jakunkuna masu taya cike da doya da kifi suna gangarawa tashar, gabansu jirgi biyu da bas.

Abin da ya hana unguwar juyewa gaba ɗaya shi ne gidajen hukuma masu rangwamen haya. Tun a shekarun 1980, da aka tashi rushe kudancin Goutte d'Or, ƙungiyoyin mazauna suka tsaya kai da fata sai an sake zaunar da mutane a unguwar, kuma da yawa daga cikin benayen da aka gina a madadin tsofaffin na hukuma ne. A watan Disamban 2000 aka yi dokar da ta tilasta wa manyan garuruwa su sa kashi 20 cikin 100 na gidajensu su zama irin waɗannan, a 2013 aka ɗaga zuwa 25. Paris ta tashi daga wajen kashi 13 a 2001 ta haura 20, a 2019 kuma aka maido da ƙayyade kuɗin haya a birnin. Iyalin da suka dace da irin wannan gida suna zaune a titi ɗaya da wanda ya sayi nasa da ɗaruruwan miliyoyi, suna sayen burodi a shago ɗaya, kuma tashin farashi ba ya korarsu. Sharaɗin nema shi ne takardar zama ingantacciya da kuɗin shiga da bai wuce iyaka ba, sannan a riƙa sabunta takardar neman kowace shekara, in an manta ta faɗi. Masu jiran gida a Paris sun haura iyali 200,000, kuma gida mai ɗaki huɗu, irin wanda mai iyali ke buƙata, shi ne ya fi wuyar fitowa.